Jan Farcen Baba

Shekarar da aka tashi yi wa kansilanmu kiranye, tsoro ya hana ni sakewa. Mutumin ya yi alkawarin gyara mana kwata, inda jirage ke tsayawa a bakin tafki, ya ci zaɓe ya tare a Yawuri. Matsalar ita ce yayansa ne ke raba wurin ɗaure jirgi a kwatar, mu kuwa da jirgin Baba kaɗai muke ci.

Duk da haka Baba ya je firamare ya dangwala wa takardar kiranyen yatsa. Ya dawo da shuɗiyar tawada a babban yatsa, yana tafe yana ɓoye hannu a aljihu kamar wanda ya saci ƙwai. Kafin la'asar labari ya zo cewa yaran kansila za su tsaya a kwata suna duba hannun kowa. Muka gwada sabulu, muka gwada toka da kananzir, tawada ta ce tana nan.

Inna ta kwaɓa lalle ta ce, "Malam, miƙo hannun ga. Lalle na rufe komi."

"Ni da gemuna, mi za a ce?"

"A ce ƙaya ta soke ka, ka sa magani."

Ya miƙa. Dabarar ta bi katanga ta shiga maƙwabta, kowace mata ta ƙunsa wa mijinta. Da safe sai ga masuntan unguwarmu jere a kwata, kowa da jan yatsa ɗaya, kowa wai ƙayar kifi ce ta soke shi. Yayan kansila bai ko yi faɗa ba. Ya bi su da kallo ɗai-ɗai yana murmushi, kuma wannan murmushin ya fi zagi tsorata ni.

Kiranye bai yi nasara ba, mutane da yawa sun noƙe ranar tantance waɗanda suka dangwala. Waɗanda suka bar tawadarsu, ruwa ya wanke ta cikin 'yan kwanaki, suka ci gaba da harkarsu. Lalle kuwa in ya kama farce, sai farcen ya tsiro ya fita.

Saboda jan farcen, aka kori jirginmu can bayan ciyawa, inda dillalan kifi ba sa zuwa, inda dorina ke fitowa. Kullum Baba ya fita sai na tsaya a bakin ruwa har in hango shi. Duk Juma'a Baba yakan zauna da reza yana yanke farcen, yana duba saura nawa. Ranar da jan ya ƙare ya je kwata da hannunsa a fili, ya tarar an ba wani wurinsa.