Rediyo Mai Aski da Autansa

A layin nan babu wanda ya tuna sunansa na yanka. Rediyo kowa ke ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Shagon askinsa ɗaki ne guda tsakanin mai gyaran waya da mai facin taya: kujera mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa, madubi mai tsaga a gefe, bencin masu jira, sai fankar da aikinta kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan. Askinsa kam ba laifi, a faɗi gaskiya. Abin da ke rako askin shi ne matsalar. Da zarar ya ɗaure maka ƙyalle a wuya ya ɗauki reza, to ka shiga hannu, domin babu mai hankalin da zai yi musu da wanda ke riƙe da reza a maƙogwaronsa. A haka ya yi furfura yana raba shawara kyauta, yana kuma ɗaukar shirun da ake yi masa a matsayin gamsuwa.

A cikin shagon nan ya sauke gwamnatoci ya naɗa wasu. Ya sasanta ma'auratan da bai taɓa gani ba, ya warkar da hawan jini, ya koya wa direbobi tuƙi alhali ko keke bai iya ba. Saboda haka ranar da autansa ya samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a wata ƙasa mai nisa, kafin yaron ya sauka daga jirgi Rediyo ya riga ya zama masanin ƙasar. Ya san sanyinsu, ya san halin mutanensu, har abin da suke karya kumallo da shi ya sani. Ita kuwa ƙasar, ko a taswira aka ce ya nuna ta, sai an yi masa haƙuri.

Tun a daren tafiyar ya raba aiki da matarsa. "Ke naki tausayi ne, tausayi kuma ba ya cin jarrabawa. Ƙarfafa wa yaro gwiwa ki bar mini." Ta ce to, kamar yadda ta saba.

Ya kuwa ƙarfafa. Idan Auta ya kira ya ce, "Baba, sanyin nan har cikin ƙashi," sai Rediyo ya ce, "Sanyi? Mu da muka yi wanka da ruwan randa da asuba, ga mu nan da ranmu." Idan ya ce, "Baba, ban san kowa ba a nan, sai in wuni ban yi magana da—", sai ya tare shi da murna: "Madalla! Abokai ai su ke lalata mutum. Allah ne ya rufa maka asiri." Daga nan sai ya shiga tarihin wahalar da ya sha kafin ya mallaki almakashi na kansa, ya bi da labarin ɗan wane da ya je waje ya dawo da ɗan kunne, sannan ya rufe da maganar da yake ganin ta fi kowacce sanyaya rai: "Duk layin nan kai suke kallo. Kada ka ba ni kunya." Yana kashe waya sai ya dubi masu jira a benci ya ce, "Kun ji yadda ake lallashin yaro."

Lallashin ya yi aiki sosai, don kiran ya fara gajarta. "Lafiya lau, Baba. Karatu mun gode Allah. Zan shiga aji." Daga baya ma sai Rediyo ne ke kira, wayar ta yi ta ƙara ta gaji. Ga jama'a dai cewa yake yaro ya duƙufa, littafi ya hana shi sakat. Amma idan shago ya watse, yakan ciro wayar daga aljihu ya duba, ya goge fuskarta da gefen riga, ya sake dubawa. Abin yana cin ransa, kuma tsoro yake ji, sai dai ba shi da wanda zai gaya wa, domin duk wanda ya sani mai sauraro ne na dole.

Wata rana aka ɗauke wuta tun hantsi, injin aski ya ƙi motsi, sai ya rufe shago ya tafi gida a lokacin da bai saba ba. Ya tarar da matarsa a kicin tana yanka albasa. A kan kanta, jingine da gwangwanin gishiri, ga wayarta ana kiran bidiyo, ga Auta a ciki, kwance a gado, ya zuba ido. Babu mai cewa uffan. Wuƙa na sauka kan katako, tukunya na tafasa, rediyon maƙwabta na ta surutu ta taga.

Rediyo ya tsaya a bakin ƙofa inda yaron ba zai hango shi ba. Ba ramar ce ta fara kama idonsa ba, gashin ne. Ya cika ya dunƙule, gemu ya fito birjik babu gyara. Komai zai iya kuskurewa a duniya, amma ban da wannan: ya sha ganin irin kan nan a kujerarsa, kan wanda aka kora daga aiki ne, ko wanda matarsa ta rasu.

Sai da yaron ya ce, "Umma, sai gobe," allon ya yi duhu, sannan ya shigo.

"Me kuke tattaunawa?"

"Ba komai."

"Kamar ya ba komai? Tun yaushe?"

"Kullum ne, Malam. Cewa yake in ajiye wayar in ci gaba da aikina. Wai a ɗakinsa ba ya jin motsin komai sai na firji."

"To me ke damunsa?"

Ta share ido da bayan hannu, albasa ta ba ta mafaka. "Akwai maganar da ke bakinsa. Ni ba zai faɗa mini ba, yana gudun kukana. Kai yake so ya gaya wa."

"Ni kuma na hana shi ne?"

"A'a, wane mutum. Ni ma akwai maganar da na fara yi maka tun ina amarya, ina dai jira ka kai aya."

Ya buɗe baki zai ba da amsa, don amsa ba ta taɓa yanke masa ba, sai ya ga ta riga ta juya ta kama motsa miya.

Washegari da rana ya yi ta kira har Auta ya gaji ya ɗaga. "Lafiya lau, Baba, karatu—"

"Ban tambaye ka ba. Ina da mutum a kujera. Zauna nan." Ya jingina wayar da kwalbar hoda a gaban madubi, ya kunna inji.

Wanda ke kujerar wani tsohon direban tasi ne da ya fi kowa daɗewa yana shan lacca a shagon. Inji na ta zuuu, gashi na zuba kan ƙyalle, Rediyo bai ce ƙala ba. Direba ya saci kallonsa ta madubi, ya sake sata, can ya kasa daurewa.

"Rediyo, lafiya? Rasuwa aka yi ne?"

"Sunkuyar da kai."

Allah kaɗai ya san azabar da ya sha. Shawarwari suka yi cincirindo a maƙogwaronsa, kowacce na neman hanya. Ga maganar gashin, ga ta gemun, ga ta labulen da yaron ya rufe da rana tsaka. Ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, har zufa ta keto masa. Direba ya samu askin da ya fi kowanne sauri a rayuwarsa, ya fita yana waiwaye, da alama zai je ya shaida wa layi cewa Rediyo ba shi da lafiya.

Shago ya rage daga shi sai wayar. Ya kakkaɓe ƙyalle, ya ɗauki tsintsiya ya fara tattara gashi a hankali. Yaron bai kashe ba. Yana kallon kujera, yana jin sharar, da bugun gudumar mai faci ta bango.

"Baba."

"Na'am."

"Na faɗi jarrabawa. Tun zangon da ya wuce. Ban ƙara shiga aji ba. Ina tashi in sa takalmi, in zo bakin ƙofa, sai in kasa buɗewa. Ban san abin da ya same ni ba, Baba."

Laccar ta zo masa cikakkiya, da gabatarwa da misalai da kammalawa, wadda ta fi duk wadda ya taɓa yi kyau. Har ya ja numfashi. Sai ya ga yaron ya runtse ido ya noƙe kafaɗa tun kafin a fara, ya shirya karɓar duka. Ɗansa ne wannan, kuma tsoronsa yake ji. Rediyo ya sauke numfashin da ya ja. Ya ja da baya zuwa inda waya ba ta kama shi, ya zauna a bencin masu jira da tsintsiyar a hannu, hawaye na bin furfurar gemunsa, ya danne baki da tafin hannu don kada a ji.

A can cikin wayar, yaron ya buɗe ido, bai ga kowa ba sai kujera.

"Baba? Kana nan? Ko layin ne ya yanke?"

Rediyo ya share hawaye.

"Ina nan, Auta. Ina jin ka. Ci gaba."