Idon Malam Umaru

Har gobe ina tuna ranar da na karanta wa Malam Umaru labarin Inna Hajo. Lokacin ina zaman gwaji a sashen rubuta shirye-shirye na wani gidan rediyo a Birnin Kebbi, mu biyu muna neman gurbi ɗaya. Malam ne shugaban sashen, kuma ba ya karɓar takarda a hannun sabon marubuci. Sai dai ka tsaya gabansa ka karanta, shi kuwa ya jingina ya rufe ido. Inda ya buɗe ido, nan rubutunka ya mutu.

Aikin da ya ba ni shi ne labari a kan masu bandar kifi a Argungu. Na je na yi ta tambayoyi, na dawo na zuba Hausa har ina jin kaina. Da na tsaya gaban Malam, na fara da cewa Argungu gari ne mai daɗaɗɗen tarihi. Ban kai ƙarshen jimlar ba na ga idanu biyu a kaina.

"Ɗiyata, wanga kowa ya san shi," in ji shi. "Mi kig gani da idonki? Koma ki zamna, ki bar tambaya."

Haushi kamar ya kashe ni, ga gwajin saura mako guda. Na koma, na wuni gefen murhun wata dattijuwa, Inna Hajo, hayaƙi yana cin idona. Wajen la'asar wani mutum ya wuce a kogi cikin kwalekwale, yana tuƙi da filafili, ta waiwaya da sauri, sannan ta koma kan kifinta.

"Bugun hilahilinai irin na maigidana na," ta ce. "Ya rasu tuntuni, amma wuyan ga nawa bai sani ba."

Da wannan na buɗe labarin. Na karanta wa Malam shafin farko, idonsa a rufe. Na biyu ma haka. Raina ya ba ni barci ya kwashe tsohon, na ƙarasa, na sauke takardar.

"Ci gaba mana," ya ce.

"Malam, ya ƙare."

Ya jima bai buɗe idon ba. Da ya buɗe, sai ya ce in je a nuna mini teburina.

Abin da na koya ke nan: mai sauraro ba ya sallama in zai tafi, kuma ba ado ke riƙe shi ba, mutum ne yake son ya ji.

Yau ni ke kan kujerarsa, ku kuma sababbin marubuta ta waya kuke turo mini rubutu. Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ina kewarsa ƙwarai. Har yanzu in na gama rubutu nakan rufe ƙofa in karanta da ƙarfi, kuma a ƙarshen kowace jimla sai na ɗaga kai na duba.