Madam Martine da Kunnuwan Nasiha

Kafin ranar garin Garwa ta fara cizo, Madam Martine ta riga ta ɗaure ƙaramar kular allurai a bayan tsohon babur ɗinta ta fita. Takan fara da garken da ke bakin kogin Binuwai, inda Fulani ke jiranta da maruƙa, ta biyo ta gidajen masu kiwon kaji, sannan ta ƙarasa ofishin dabbobi. Ma'aikaciyar jinyar dabbobi ce, 'yar mutanen dutse, Kirista, ta zo garin nan tun tana budurwa. Da Fulatanci take gaisuwa, da Faransanci take rubutu, faɗa kuwa da Hausa take yin sa, wai ya fi shiga jiki. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma Figil wajen 'ya'yanta. Masu shanu za su yi nasu yabon. Ni a kan kare zan yi magana, mai dariya ya yi.

'Yata Nasiha sanƙarau ya ɗauke mata ji tun tana ƙarama. Kowa ya san yadda masu babur ke gudu a garin nan, kuma hon ɗinsu bai amfane ta da komai ba. Don haka na hana ta fita, ko ƙofar gida ta leƙa sai gabana ya faɗi. Ana nan sai ta tsinci wani baƙin kwikwiyo a bayan katanga, muka sa masa suna Duna. Na je na tambayi liman, ya ce kare na tsaro ba laifi, a dai kiyaye shi daga ɗaki da kayan sallah. Da Duna ya girma sai muka lura da abin da ba wanda ya koya masa: in babur ya taho ta bayanta, sai ya tura ƙafarta da kafaɗa har ta matsa gefe. Da shi ta fara zuwa kasuwa, da shi ta shiga koyon ɗinki. In babu Duna, na san halina, Nasiha za ta koma zaman tsakar gida.

Wata rana Duna ya ƙi abinci. Sai amai, sai gudawa, sai rawar jiki, ya kwanta ya ƙi tashi. Maƙwabta suka ce ɓarayi ne suka sa masa guba, domin a nan duk karen da ya yi amai haka ake cewa. Aka ɗura masa manja, aka ɗura madara. Ya ɗan farfaɗo, bayan kwanaki ya sake faɗuwa. A lokacin ne wani mai kaji ya turo mana Madam Martine.

Ta durƙusa a cikin ƙasa da fararen kayanta, ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi, ta daɗe tana sauraron ƙirjinsa.

"Wa ya mai da karen nan tukunyar miya?" ta tambaya.

"Madam, guba ce aka ce."

"Gubar da ke tafiya ta dawo kamar mai zuwa cin kasuwa? Baban Nasiha, riƙe min kansa."

Ta ɗebi jini ta kai wa likitan ofishinsu, su biyu suka yi ta bin abin har suka gano shi. Cutar Addison sunanta. Ga yadda ta bayyana mana: a saman ƙoda akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa masu fitar da sinadarin da ke riƙe gishiri da ruwa a jiki, kuma shi ke ba dabba ƙarfin jure firgita da wahala. Na Duna sun daina aiki. Ba ta warkewa, amma ana rayuwa da ita: allura duk wata, wadda ake aiko mata daga Yawunde, da 'yar ƙwaya kowace safiya.

Abin da ban manta ba shi ne, ba ni ta kalla ta yi bayanin ba. Sai ta fuskanci Nasiha, tana magana a hankali, tana nuna mata da hannu a jikin karen, har yarinyar ta gyaɗa kai. Mutane da yawa sukan yi magana a kan 'yata tana tsaye kamar ba ta wurin. Madam Martine, ke ce baƙuwa ta farko da kika yi magana da ita.

Duna ya murmure, gashinsa ya dawo yana sheƙi. A cikin lomar ɗumamen safe ake cusa masa ƙwayar, ya haɗiye bai sani ba. Sai azumi ya kama, ya kuma faɗo a tsakiyar zafi. Da azumi babu ɗumamen safe, an cinye a sahur. Sai da yamma ake zuba wa Duna abin da ya ragu. Matata ta ɗauka Nasiha na ba shi ƙwayar, Nasiha ta ɗauka uwar na bayarwa, ashe babu mai ba shi. Wata Lahadi bayan azahar ya faɗi a gindin darbejiya, dasashinsa fari fat, jikinsa ya yi sanyi a cikin wannan rana. Nasiha ta yi wata irin ƙara da ban taɓa jin ta yi ba.

Da muka kira ta, daga coci Madam Martine ta taho, da zanen mawaƙa a jikinta. Ta rataya ledar ƙarin ruwa a reshen darbejiyar, ta yi ta laluben jijiyar da ta ɓuya har ta samu, ta yi masa allura, ta zauna a kan turmi tana fifita shi da murfin tukunya. Na kasa zama, na kasa tsayuwa.

"Madam, zai tashi?"

"Zauna, kana ƙara min zafi. In ka faɗi kai ma, ba ni da ledar mutane."

Dab da magariba Duna ya ɗaga kai ya lashi hannun Nasiha. Aka kira sallah, muka miƙa wa Madam kunu, ta sha tare da mu. Sai da ta ajiye kofin ta dube ni.

"Ku aka wajabta wa azumi, Duna ba ya ciki. Faɗa min, mene ne ba ya sauyawa a gidan nan, da azumi da ba azumi?"

Na yi tunani na ce, "Sallar asuba."

"To, ƙwayar ta bi asuba. Bayan an sallame fa, kar ka ce na ɓata maka alwala."

Tun daga ranar haka ake yi. Kuma tun daga shekarar, ita ke fara tuna mana Sallah ta kusa. Sai ka ji babur ɗinta a ƙofa: "Layya ta matso, gida zai cika da baƙi da kukan raguna. A ƙara masa ƙwaya yadda na nuna." Haka in za a yi biki da kiɗa a unguwa. Mace mai zuwa coci, amma ta riƙe watanninmu a kai saboda karen wata yarinya.

Da na ji za ta tafi, barci ya ƙaurace min. Na same ta na ce, "Madam, allurar wata fa? Wa zai yi?"

Ta yi dariya. "Kai dai kullum fuskarka a bango take in an fito da allura. Wannan karon ka juyo."

Na juyo. Madam Martine ta tsaya ta goya hannuwanta a baya. Nasiha ce ta girgiza kwalbar, ta zuƙi maganin, ta ɗaga shi sama ta duba, ta kama fatar wuyan Duna ta soka. Ashe Madam ta daɗe tana koya mata ina kallon bango. Ta kuma haɗa ta da likitan ofishin, wanda zai ci gaba da duba jinin da kawo maganin.

Madam Martine, mai hannu mai sanyi, ke ce ba ki raina dabbar da mutane ke jifa ba, ba ki kuma raina yarinyar da mutane ke tsallakewa ba. Useko, mun gode. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya sa 'ya'yanki su riƙe ki yadda kika riƙe namu. Ku kuma matasa masu shiga wannan aiki, ku durƙusa ku duba kafin ku yarda da abin da unguwa ta ce, kuma kada ku tafi sai kun bar aikin a hannun wani.

Yau da safe na tsaya a ƙofa na ga Nasiha ta nufi wajen ɗinki. Wani mai babur ya taho ta bayanta a guje. Duna ya tura ta gefe, ta matsa ba ta ko waiwaya ba. Na koma ciki na sha shayina.