Tekun Baba Na Ikko

Abin da na fara gani ranar da aka kai ni hutu gidan kakata, a wani ƙauye bayan Dutsi, shi ne takalma. Ga su nan a jere a bakin yashi kamar ƙofar masallaci ranar Juma'a, alhali babu masallaci a wajen, sai dam. Yashin kuwa an share shi tas, sawun tsintsiya layi-layi har bakin ruwa. Ina ɗaga ƙafa zan taka da silifas ɗina sai na ji usur.

"Ke 'yar birni, a Daura haka kuke shiga teku da takalmi?"

Ku da kuka san Baba Na Ikko kun san ba wasa yake ba. Ya daɗe yana gadin wani gida a bakin teku a Ikko. Da ya dawo ya tarar an yi dam a bayan gari, sai ya ce to, Allah ya biyo shi da abinsa. Duk wanda ya ce dam, sai ya gyara masa: "Teku." Ya kafa rumfa, ya ajiye randa da moɗa, ya kifa wani tsohon kwale-kwale ya zama benci. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: tifofin da ke zuwa ɗibar yashi. Ya ce in suka haƙe wajen, damina ta cika ramukan, ba macen da za ta ƙara tsayawa wanki da yaranta a nan hankali kwance.

Ni ba mai surutu ba ce, don haka nakan zauna a gefen kwale-kwalen in yi ta kallo. Yana da wani jan ƙyalle a kan gora. In ya ɗaga shi, wai teku ya yi fushi, dole kowa ya fito. Sau da yawa ruwan a kwance yake luf kamar koko a kwano. Wata rana Malam Idi mai rake ya gaji, ya ce:

"Baba, wai kai da kake tsaronmu, ka iya ruwa kuwa?"

"Ban iya ba."

"To in wani ya nutse fa?"

"Shi ya sa nake fito da ku tun kafin ku nutse. Ka taɓa jin an rasa mutum a tekuna?"

"A'a."

"To ci gaba da sayar da rakenka. Kuma ka kwashe ɓawon."

Lokacin da 'yan Hisba suka fara zagaye, biyu daga cikinsu suka zo a kan babur, sun ji labarin wai maza da mata na cakuɗuwa a bakin ruwa. Sai da suka cire takalma su ma. Suka tarar Baba ya daɗe da jan igiya daga gindin tsamiya har cikin ruwa. Gefen mata ne ke da inuwa da yashi mai laushi. Gefen maza rana da tsakuwa.

Babban cikinsu ya yi murmushi ya ce, "Baba, ashe ka riga mu. Sai dai rabon nan kamar bai yi daidai ba."

"Su wanki suke yi, su ɗebi ruwa, su wanke yara. Maza me suke yi a nan ban da shan rake da gardamar ƙwallo?" Ya dube su daga sama har ƙasa. "Kuma inuwar da kuke tsaye a ciki ta mata ce. Ku matsa."

Suka matsa kuwa, suka ƙarasa nasiharsu a rana.

Amma ranar da kowa yake tunawa ita ce ta Kawu Sani, ƙanen mahaifiyata, direban tifa. Ya sami labarin Baba ya tafi bikin suna a Sandamu, sai ya lallaɓo da masu shebur. Sun cika rabin mota ke nan sai ga Baba a bayan ɗan acaɓa, ko abincin sunan bai tsaya ci ba. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a gaban taya, ya kwanta, ya gyara hula.

"Sani, fara loda ni. Ni ma na kusa zama ƙasa."

"Haba Baba, yashin Allah ne fa."

"Na Allah ne. Amma ni nake share masa."

Kawu ya yi magiya, ya yi rantsuwa, daga ƙarshe dai ya juye yashin. Yana shirin hawa mota Baba ya miƙa masa tsintsiya: "Yadda ka same shi." Haka Kawu, da tumbinsa da komai, ya duƙa yana shara, mata suna dariya har wata ta saki zanen da take matsewa ruwa ya tafi da shi. Ni kuwa abin da na lura da shi daban ne. Da Baba ya zo naɗe tabarma, sai da ya gwada sau uku kafin ta naɗu.

Bara bayan ƙaramar Sallah ya rasu. Da na zo wannan hutun na tarar da sawun taya har gefen maza, da rami ɗaya da ya fi tsayina, ruwa ya yi kore a ciki. Kaka tana wanki ido ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan ƙannena.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya shayar da shi daga tafkin Annabi.

Jiya da safe Kawu yana shan koko a zaure, mukullin tifa a kan gwiwarsa. Na daɗe a bakin ƙofa ina murza bakin hijabina kafin muryata ta fito.

"Kawu."

"Na'am, uwata. Yau ke ce da magana?"

Ban iya ɗaga kai ba. Na ce, "Don Allah in za ku ɗiba, ku bar gefen mata yadda yake. Kaka ba ta da wani wajen wanki."