Ƙulli a ƙirjin namiji

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ban rubuta komi a nan ba. Masu tambaya ko na bar dillancin bisashe ne, ban bari ba. Jinya na yi.

Abin ya faro da ɗan ƙulli bayan kan nonona na hagu, kamar ƙwayar wake. Ba zafi. Na ɗauka ƙaho ne ya taɓa ni wurin lodin shanu. Wata bakwai ina shafa man zafi.

Ranar da maiɗakina Rabi ta ga ɗigon jini a rigata, ta ce, "Malam, wanga ba ƙaho ba ne." Ta ɓoye makullin babur, ta ce ba kasuwa sai an ga likita.

Asibitin Dakoro suka tura ni Maraɗi. Maraɗi suka yanki ɗan nama don analiz, wato gwaji, suka tura ni Yamai da takarda. A bencin jira ni kaɗai ne namiji. Wata tsohuwa ta matsa mini, ta ce, "Iyalinka na ciki?" Na ce e.

Likitar mace ce. Ta ce sankarar nono ce, maza ma suna yi, ba su dai da yawa. Ina kallon fanka na juyawa. Ban ji tsoro ba. Ban ji komi ba. Na tambaye ta ƙarfe nawa motar Maraɗi ke tashi.

An yi aiki an cire. Sai ruwan shimiyo, maganin sankara da ake sawa ta jijiya, kowane sati uku. Gemuna ya zube a hannuna wurin alwala, na wanke hannun na ci gaba.

Bijimai biyu da raƙumar da na gada sun tafi a jinyar. Ni na yi dillancinsu da kaina, kamar na wani.

Bayan nan likita ta rubuta mini tamoksifen, ƙwaya ɗaya kullum, shekara biyar. Ta ce akwai wani sinadari, estrojen, da mata suka fi yawansa amma namiji ma yana da nasa. Irin ciwona da shi yake girma, don yana da wuraren da sinadarin ke kamawa. Da ta ji sana'ata sai ta ce, "Ɗauke su kamar turke. Maganin ke riga shi zuwa turken, in ya iso ba wurin ɗauri."

Ta ce amma a nono ne yake tare hanya. A ƙashi aikin estrojen ɗin yake yi, a jini kuma yana iya sa gudaji. Ƙwaya ɗaya, kowane wuri da halin da take nunawa.

Na ce to.

A farmasi suka duba ordonas, takardar maganin, suka ce, "Na madam ne?" Na ce e. Wata da watanni ina cewa e.

Zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji zuwa kai, ina tsakiyar ciniki zufa ta jiƙa ni. Tsakanina da Rabi kuma abin ya kwanta. Manya sun gane.

Sai na daina sha. Ban yi shawara ba, ko da kaina. Na tura kwalin bayan buhun hatsi.

Sati uku, Rabi tana ɗibar hatsi ta gani. Ta kawo shi da kofin ruwa, ta aje gabana.

Na ce, "Rabi, kin san mi yake mini."

Ta ce, "Na sani. Ka ji na kai ƙara wurin wani? Sha."

Na sha. A randebu na gaba, ranar komawa asibiti, na faɗa wa likita komi, kaina ƙasa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce da yawa suna dainawa a ɓoye, shi ne abin da take tsoro.

Yanzu eko biyu a jere, hoton asibiti ke nan, ba a ga komi ba. Na koma kasuwa. Mutane na cewa in yi murna. Alhamdulillahi nike cewa, kuma da gaske nike, murnar ce dai ba ta iso ba tukuna.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitocin da ƴan'uwan da suka riƙe gidana. Rabi, Allah Ya biya ki.

Maza, ku shafa ƙirjinku wurin wanka. Ƙulli marar zafi, ko jini a kan nono, ba na man zafi ba ne. Mai shan maganin nan kada ya daina sai ya yi magana da likita. Ƙafa ɗaya in ta kumbura, ko numfashi ya ɗauke, a tafi ranar. Mata masu shan sa, jinin da ba na al'ada ba a faɗa, don a mahaifa ma aikin estrojen yake yi.

Jiya na je farmasi sayen maganin. Suka ce na madam ne? Na ce a'a, nawa ne.