'Yar Rakiya a Gindin Shafi

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar da ke Titin Bauchi ya san rumfar Malam Gwadabe, ko da bai riƙe sunansa ba. Ita ce mai warin gam da fata, a maƙale tsakanin mai shayi da shagon fotokofin Romanus. Nan ɗalibai ke kai takardun bincikensu na kammala karatu, ya ɗinke, ya sa baƙin bango, ya buga suna da ruwan gwal.

Amma ba a nan ya koyi taɓa takarda ba. Mahaifinsa ya zo Jos zamanin haƙar kuza, sai dai bai taɓa riƙe diga ba, alƙalami ya riƙe. A zaurensu na Nasarawa Gwom yake rubuta Alƙur'ani da hannu, falle-falle, ba ɗinki, ba lambar shafi. A gindin kowane falle, can ƙurya, yakan rubuta kalmar da za ta buɗe falle na gaba, ita kaɗai. 'Yar rakiya yake ce mata. In iska ta watsa takardu, ita ke mai da kowa ɗakinsa. Da littattafan bugu suka cika kasuwa, Gwadabe ya koma ɗinkin boko, ya yi shekara talatin ba wanda ya yi masa zancen 'yar rakiya.

Wata Litinin a daminar 2006, wata tsohuwa ta sauko daga motar Bukuru rungume da ƙullin zani. Mama Gertrude ce, tsohuwar nas. Ta kwance ƙullin a kan teburinsa, sai ga tulin takardu sun yi jajir don tsufa.

"Malam, littafin kakana ne. Ɗan Saliyo ne, akawu ya zo yi a kamfanin kuza. Dokokin da Turawa suka kafa a ƙasarsu ne tun farko-farkon alif ɗari takwas. Zaren ya ruɓe, gara ta cinye saman, duk lambobin shafi sun tafi. Ranar da muka yi ƙaura kuma akwatin ya kife."

"Me kike so a yi masa, Mama?"

"Jikata Yael ta zama lauya. Ran Asabar za ta tafi Legas aiki. Ina so in sa mata shi a hannu yana littafi, ba yana shara ba. Na kai wa wani malamin jami'a, ya ce sai an zauna an karance shi kaf, wata uku."

Romanus ya leƙo ta taga, da Hausarsa mai mai da mace namiji. "Mama, kawo in yi maka fotokofi. Wannan oga, Turancinsa gaba ɗaya bai cika cokali ba."

Gwadabe bai kula shi ba, don gaskiya ya faɗa. Baƙaƙen boko ya sani, Hausa yake karantawa da su, Turanci kuwa sai dai kallo. Ya ɗaga falle ɗaya don ya duba ƙwarin takardar kafin ya ba ta haƙuri. Sai idonsa ya sauka gindin shafin. Can ƙurya, ƙarƙashin layin ƙarshe, ga wata kalma zaune ita kaɗai.

Ya ɗaga na biyu. Tana nan. Na uku, tana nan. 

"Allahu akbar! Romanus, zo ka gani! Ashe su ma suna sa ta!"

"Suna sa wa?"

"'Yar rakiya! Mama, je ki gida. Juma'a da la'asar ki dawo."

"Malam, kada ka ɗauki abin da ba za ka iya saukewa ba."

"In ban sauke ba, ki ce ba Malam Mahdi ya haife ni ba."

Ya sallami ɗalibai, ya share rumfa, ya shimfiɗa tabarmi uku, ya baje falle ɗari biyu da 'yan kai, ya danne kowanne da tsakuwa. Sai ya ɗauki ɗaya, ya kalli kalmar gindinsa kamar mai haddace fuskar baƙo, ya bi layi a durƙushe yana neman fallen da ya fara da ita. In ya samu sai ka ji ya buga kabbara, mai shayi ya amsa daga waje ba tare da ya san dalili ba.

Ran Laraba aiki ya cije. Falle goma sha ɗaya suka fara da kalma iri ɗaya.

"Oga, ka ga abin da na gaya maka?" in ji Romanus. "Rakiyarka ya ɓata hanya."

Gwadabe ya jera goma sha ɗayan a gabansa, ya yi ta juya su har shayinsa ya huce. Can sai ya ɗaga fallen ya haska shi da hasken ƙofa. Gara ba ta tsallake: ramin da ta huda a falle ɗaya, shi ne a maƙwabcinsa, sai ɗan kauce kaɗan. Ya riƙa ɗora falle a kan falle har huda ta hau huda. Ya yi tsalle kamar ba mai ciwon gwiwa ba.

"Garar da ta ɓata, ita ta ba da shaida!"

Daga nan Romanus ya bar injinsa, ya cire takalmi ya shigo. Shi ke karanta ƙarshen wannan shafi da farkon wancan ya ji ko zance ya haɗu, yana yi yana dariyar irin Turancin mutanen da.

Juma'a da hantsi komai ya jeru, sai wuri ɗaya. Wata 'yar rakiya a tsakiyar littafi ta miƙa hannu, ba wanda ya karɓa. Suka ɗaga tabarmi, suka kakkaɓe zanin, babu.

"Ɗinke kawai," in ji Romanus. "Wa zai sani?"

"Ita za ta sani," Gwadabe ya ce, yana nuna kalmar.

Da la'asar Mama Gertrude ta iso da Yael. Suka tarar da bangon jan fata a shirye, allura da zare a gefe, littafi bai ɗinku ba. Tsohuwar ta ɓata fuska.

"Mama, falle ɗaya ba ya nan. Ga kalmar da ya fara da ita." Ya zana mata baƙaƙen a bayan wani kati.

Ta kalli katin, ta kalle shi, kamar wadda ta san kalmar. Sai ta zauna daɓas a kan benci, ta buɗe jakarta, ta ciro Littafi Mai Tsarki. Daga tsakiyarsa ta zaro wata takarda a ninke, gefenta cike da rubutun hannu: kakanta ne ya rubuta sunayen 'ya'yansa da ranakun haihuwarsu.

"Uwata ce ta ba ni fallen nan," ta ce. "Shekara arba'in yana nan. Ban taɓa sanin daga cikin littafin ya fito ba."

Yael ta warware fallen ta karanta kalmar farko da ƙarfi. Romanus ya ƙwala ihu har masu acaba suka waiwayo. Gwadabe ya karɓa da hannu biyu, ya sa shi a gurbinsa, huda ta hau huda.

"Baba," in ji Yael, "ka karanta littafin nan duka?"

"Ko layi ɗaya, 'yata. Karatu naku ne, lauyoyi." Ya lashi bakin zare ya zura a allura. "Matso ki riƙe min nan, kada magariba ta riske mu."