Takardar Yayata

Da takardar haihuwar yayata aka sa ni lakwal, wato makarantar boko. Ba abin ɓoyo ba ne a ƙauyenmu, can gefen Attantane, yara da yawa haka aka yi musu. Ita a asibitin Mayahi aka haife ta, aka ba baba takarda mai hatimi. Ni kuwa a bukkar gona na faɗo, tsakiyar damina, wa zai bar noma ya tafi neman takarda? Da direktan lakwal ya zo ɗaukar yara, baba ya dube mu mu biyu. Yaya ta riga ta iya daka da jan ruwa, inna ba ta iya rabuwa da ita. Ni ba ni da aiki sai hawan katanga da jifan awakin mutane. Ya miƙa takardar, ya nuna ni. Tun daga ranar a gida ina da sunana, a lakwal ina amsa nata.

A kwalejin Tasawa na haɗu da ƙwallon hannu. Malamin wasanninmu, da muke ce wa mushe, wani siriri mai faɗan tsiya, ya ga yadda nake cafe duk abin da aka wurgo mini, ya tsayar da ni a raga. Filinmu yashi ne, layinmu toka. In rana ta yi zafi sai ya tara mu gindin itacen bedi ya hau ba mu tarihin gasar kulob-kulob ta matan Afirka, kamar shi ya kafa ta. Ya ce da can ƴan ƙasar Kwaddebuwa ne ke cin karensu babu babbaka, daga baya ƴan Angola suka karɓe kofin suka ƙi saki. Ni dai ina jinsa ne kamar tatsuniya. Ban taɓa taka filin da ke da rufi ba.

Bayan wata gasar makarantu a Maraɗi wani kulob na Yamai ya ɗauke ni. Shekara uku ina tsare musu raga, yatsuna biyu suka karkace, har yau ba su miƙe ba. A ta huɗu muka ci kofin ƙasa, aka ce mu ne za mu je gasar nan da mushe ke ba mu labari. Mai horas da mu ya aika da sunaye, nawa ne na farko. Saura fasfo.

Na je ofishin da takarduna, na dangwala yatsu. Ma'aikaciyar ta dubi na'ura, ta dube ni, ta sake duban na'ura.

"Madam, ai kina da fasfo. Bara aka yi miki."

Na ce ban taɓa yi ba. Ta juyo mini da allon. Yayata ce, da farin lulluɓi, ta ƙame kamar an ce kada ta yi numfashi. Sai a lokacin na tuna mijinta ya yi niyyar kai ta Makka, kuma takardar asali tana cikin akwatin baba, ni kwafi kawai nake yawo da shi.

Wallahi na yi masifa a ofishin nan. Na ce ni na yi lakwal da sunan, ni na ci jarrabawa da shi, ni aka buga a katin ƴan wasa. Matar ta bar ni na gama, sannan ta yi mini bayani a hankali. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, mutum biyu ba sa shiga ciki. In na je alƙali ya yi mini sabuwar takarda da sunana na gaskiya, a takarda mai wannan sunan ba ta taɓa buga ƙwallo ba, ba ta cikin sunayen da aka aika, kuma an riga an rufe. In kuma na dage sunan nawa ne, za a riƙe fasfon yaya har a gama bincike, a kira wanda ya ba da takarda ɗaya ga ɗiya biyu.

"Wa ya bayar?" in ji ta.

Na tattara takarduna na fita. Kwana goma sha biyu suka rage a tashi.

Na hau mota zuwa Mayahi, daga can na bi amalanke. Duk hanya ina shirya maganar da zan gasa wa baba. Na tarar da shi a zaure yana gyaran hauya, idonsa ɗaya ya riga ya yi fari. Na faɗa masa komai. Ya ce, "To ke da ita ba duk ɗiyana ba ne? Su masu ofis ɗin mi ya yi musu zahi?" Da gaske yake tambaya. Na ji haushinsa har cikin ƙashina, kuma na san ko za a yanka ni ba zan kai tsohon nan gaban alƙali ba.

Da la'asar na je gidan yaya. Tana sussukar gero, goyo a bayanta. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ajiye taɓarya ta shiga ɗaki. Ta fito da ƙullin ɗankwali, ta kwance, ta sa mini fasfon a hannu.

"Ungo. Ki je ki yi wasanki. In kin dawo ki maido mini, mu sai bayan azumi."

Haka take ba ni aron zane in za ni biki. Na ce, "Yaya, ba a yin haka, hotonki ne a ciki."

"Ai muna kama. Ki ja lulluɓi."

"Suna duba yatsu."

"To ki ce musu ni na ba ki. Ko in bi ki in faɗa musu da bakina?"

Na yi ta juya maganar, ta ƙi shiga. Abu ɗaya ne zai sa ta gane, in ce mata hanyar da ta rage ita ce a karɓe nata tafiyar a ba ni. Na san ta sarai. Da na faɗa, da ta ce a karɓe, ta kuma tsaya a kai, mijinta ya yi ta faɗa har ya gaji. Saboda haka ban faɗa ba. Na naɗe fasfon cikin ɗankwalin na mayar mata.

Na fita bayan gari, kan tudun da waya ke kamawa, na kira mai horas da mu na ce ya ba ɗaya mai tsaron ragar wurina. Ya tambaya ko babu wata hanya. Na ce babu.

Da na dawo yaya na zaune kan turmi, ƙullin na kan cinyarta, idonta ya yi ja.

"Don ni ban yi lakwal ba shi ya sa kika raina abina," ta ce.

Na ce ba haka ba ne. Ta ce to mene ne. Na ɗauki taɓarya na ci gaba da sussukar. Ta je Makka ta dawo, ƴan unguwa na ce mata Hajiya. Har yau tana ganin girman kai ne ya hana ni karɓa, ni kuma ban gyara mata ba.